Dagin da Mati Ya Ƙera Mini

Ku ajiye basillar nan tukuna, tun da na ga yau surutu ya fi ɗinki yawa a rumfar nan. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa wai bugun ado shi ne aikin ragwaye a dukanci, ka ɗora ƙarfe a kan fata, ka kwaɗa masa guduma, ka ɗaga, shi ke nan. Dariya kawai na yi a raina. Kun tarar da ƙarafan bugu jere cikin zabira, an shafe su da man kaɗe, kuna tsammanin a kan bishiya aka tsinko su. Kowane ɗaya da kuke gani, sai da wani ya taka ya je gaban maƙeri, ya shaƙi hayaƙi, ya haɗiyi baƙar magana, sannan ya iso hannunku. Akwai ma wanda abincin gidana kaf ya taɓa rataya a kansa.

Aikin farko da mahaifina ya yarda in yi da hannuna kube ne, na wuƙar wani mahauci. Kafin nan na daɗe ba abin da nake yi sai jiƙa fata, da murza ta a kan dutse har ta yi laushi, da yanka siraran igiyoyin ɗinki, da zuwa wurin majema in tsaya cikin warin nan mai bin mutum har shimfiɗa. Ranar da aka miƙo mini kuben sai na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na ɗinka na kai wa Baba. Ya sa wuƙa ya farke, ya miƙo mini. Na sake, ya sake farkewa. Haka muka yi ta yi har mahaucin ya gaji da zarya, ya ce shi dai a ba shi ko na ganye ne ya rufe wuƙarsa. Baba ba ya koyarwa da baki, Allah ya jiƙansa. In aikinka ya yi, za ka ga ya jefa shi cikin kwandon kasuwa, iyakar yabon ke nan.

Ƙarafan bugunsa ƙanana ne duka: mai ɗigo, mai zobe, da mai tsinin kibiya. Da su muke yi wa gafakar malamai da zabirar wanzamai ado a gefe-gefe. Amma babban zane, irin dagi, wato ƙullin nan mai sarƙe da juna da kuke gani a wuyan riga da bangon soro, wannan da wuƙa ake fitar da shi, a bi da basilla a hankali. Guda ɗaya sai ya cinye wa mutum yini. Kuma bugun da kuke rainawa yana da nasa sharaɗin. In fata ta bushe ba za ta karɓi zane ba, in ta jiƙe da yawa zanen ya baje. In ka bar ƙarfe ya jima a kan fata mai danshi, bagaruwar da aka jeme ta da ita sai ta kama ƙarfen, wurin ya yi baƙi ƙirin, ka yi asarar fata. Abin da kake so ya taso a fata, a jikin ƙarfe rami ne, na dama kuma hagu yake komawa. Duk wannan sai maƙeri ya fahimta kafin ya ɗauki masaba.

Shekarar da zan ba ku labarinta, Baba ya riga ya rasu, ni ke riƙe da rumfar nan da gidan. Damina ta yi kyau, dawa ta fitar da kai, muna ta murna, sai fara ta sauko. Kafin a ce me, gonakin Malumfashi da kewaye sun koma kara tsirara. A shekarar fata ta yi arha, don kowa sayar da awakinsa yake yi, amma mai saye fa? Mai jin yunwa ba ya neman kube. Ina zuwa kasuwa in shimfiɗa kaya, in kore ƙuda, in naɗe in dawo. A gida muka koma tafasa da rama, ana barbaɗa musu ɗan gari don su ji kunya.

Abin da ya rage mana a rumbu 'yan dammunan kaura ne da na samu daga wata 'yar gona da fara ta tsallake, na ware su don iri. Irin nan tun na kakana ne. Ku da kuka tashi cikin manoma kun san abin da ake nufi da a ce gida ya ci irinsa: yunwar bana ta zama ta baɗi ke nan, sai mutum ya watsa iyali ya bi duniya. Ni da uwargidana Ladi ba ma maganar rumbun, amma kowa ya fito tsakar gida sai ya kalle shi.

Ana cikin haka, da rani ya kama, sai Madugu Isiyaku ya tsaya a gabana a kasuwa. Mutumin garin nan ne, shi ke jan ayarin fatake zuwa Gwanja neman goro. Ya ɗaga wata zabira, ya ja ɗinkin da ƙarfi ya ga bai motsa ba, ya ce, “Garba, mangaloli nake so na jakunan ayarina duka. Bara a wurin fiton Kwara kayanmu suka cakuɗe da na wasu fatake, har aka kusa zare takubba. Bana ina son kowace mangala tawa da shaida iri ɗaya, ta yadda ko makaho ya shafa zai san tawa ce.”

Na ce, “Wace irin shaida, Madugu?”

Ya ɗan yi tunani ya ce, “Sa mini dagi. Ladanka kuma ba kuɗin wuri zan ba ka ba, na san bana ba wuri ake ci ba. Ina da dawa da na sa aka kawo mini daga ƙasar Zazzau, da ita zan biya ka. Amma ranar da sabon wata ya tsaya, washegari muna kan hanya. In ba shaida, ba ciniki, in tsaya a Maska in sayi na kasuwa.”

Na amsa tun bai rufe baki ba. Sai da ya tafi na tuna cewa ɗinkin mangalolin kaɗai ya isa ya cinye kwanakin. In na ce zan fitar da dagi da wuƙa a kan kowace, ayari zai je Gwanja ya dawo ina zaune. Dole a ƙera mini ƙarfen bugu babba mai dagi, wanda bugu ɗaya ya gama magana. Maƙeran fari masu irin wannan aikin mai laushi suna birni, hanya kuma a lokacin ba lafiya saboda mahara. Wanda nake da shi kusa shi ne Mati na Gozaki.

Mati taubashina ne, ɗan gwaggona, ƙanwar Baba da ta auri maƙeri. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi bawana ne. Maƙerin baƙi ne, garma da hauya da tarkon maharba su ne aikinsa, amma hannunsa na da kyau, ba na hana shi wannan. Gwaggo kuwa duk ran kasuwarmu takan zo da daddawa. Na same ta a bakin tallarta na ce, “Gwaggo, ki ce wa bawana Mati ya ƙera mini dagi. Na ƙarfe mai kyau, wanda in aka buga zai zauna daram. Kuma da sauri.”

Ta ce, “Dagi dai ko? Ai bai fi ƙarfinsa ba.”

Kasuwa ta zagayo, sai ga Gwaggo tafe, tukunyar daddawa a ka, tana dogara wani abu dogo da ya fi ta tsawo. Ta iso ta jingina mini shi a rumfa tana haki. Ƙota ce mai kauri da bakin ƙarfe, dagin haƙa ramin shinge. Ta ce, “Ga shi. Ya ce in gaya maka Allah ya sa haka ya fi alheri, dama shi ya san dukancin nan ba zai kai ka ko'ina ba.”

Dukawan da ke kusa da ni suka kwashe da dariya har wani ya soke yatsa da basilla. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki, don kwanaki sun tafi. Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike. Da asuba na saɓa dagin a kafaɗa na kama hanyar Gozaki, duk ƙauyen da na ratsa sai an tambaye ni shingen wa zan kafa.

Na tarar da Mati zaune gaban uwar maƙera, ana yi masa zuga, ya riƙe bakin gatari da awartaki. Da ya hango ni ya ce, “A'a, bawana ne da rana tsaka? Har ka gama haƙar?”

Na jefar masa da abinsa na ce, “Kai dai Allah ya shirye ka. Ni baduku, mi zan yi da dagin haƙa? Dagin ado nake nufi, wanda za a buga a fata.” Na tsuguna na share toka a ƙasa, na zana masa da yatsa: zagaye nan, zagaye nan, har huɗu, da mahaɗarsu a tsakiya. Iskar zuga-zugi tana ta kwasar tokar, hayaƙi na shiga ido. Na yi masa bayanin rami da tudu, da dama da hagu, na ce faɗinsa kada ya wuce tafin hannun jariri.

Ya leƙo ya ƙanƙance ido ya ce, “Huɗu a kewaye, babba guda a tsakiya?”

Na ce, “Yauwa.”

Ya ce, “Ai sai ka ce wanga dagin! Akwai shi ma a gidan nan. Je ka abinka, ni da kaina zan kawo maka.”

Na ɗauka a wuyan rigarsa ta Juma'a yake nufi. Na dawo da farin ciki, na faɗa ɗinki ba ji ba gani. Mangala aikin ƙarfi ce, kirgin sa ne mai kauri, sai ka huda da basilla ka ja igiya har tafin hannu ya yi kanta. A bakin kowace na bar wani harshe na jar fatar akuya, rinin karan dafi, fili fetal, yana jiran bugu. Na gama ɗinki, Mati shiru. Garin da ke gidan kuwa kullum Ladi sai ta ƙara karkata ƙwaryar kafin ta samu na damawa.

Ranar da ake duban wata, da hantsi, sai ga Mati ya shigo zaure yana taƙama, da abu ƙunshe a tsumma. Ban tsaya gaisuwa ba. Na yayyafa wa wani ƙyallen fata ruwa, na bari ya sha, na ɗora a kan dutse, na daidaita ƙarfen, na ba shi guduma ɗaya, na ɗaga.

Wallahi ban taɓa ganin bugu mai tsabta irin wannan ba. Ko'ina ya fito, ba inda ya baje. Yatsu huɗu ƙulu-ƙulu a sama, tafi guda a ƙasa. Sawun kyanwa ne, kamar yanzu ta taka ta wuce. Sai a lokacin na tuna ƙafar kyanwa da ta zaki ita ma dagi ake ce mata.

Na ce, “Mati, mi ke nan?”

Ya ce, “Dagi mana. Ka san wahalar da na sha kuwa? Kyanwar Inna na kama, na danna ƙafarta cikin yumɓu, na bi da magagari ina dubawa.” Ya naɗe hannun riga ya nuna mini yakushi har gwiwar hannu.

Na ce, “Ƙulli nake nufi! Na wuyan riga!”

Ya ce, “To ka ce ƙulli mana! Kai ka zana huɗu da ɗaya, ni na ƙera huɗu da ɗaya. In hannunka bai iya zane ba, laifin maƙeri ne?”

Har yau ban sani ba ko da gaske bai gane ba, ko tsiyar taubasantaka ce ta motsa. Na tambaye shi har ya tsufa, kullum sai ya rantse da wutar maƙera yana dariya. Ni dai a wurina laifinsa ne, kuma ko gobe aka tashe mu haka zan faɗa. Amma tun daga ranar ban sake yi wa maƙeri bayani da baki ko a toka ba. In kuna son ƙarfe, ku fitar da zanen a kan fata ko sakaina, ku damƙa masa a hannu, ku sa shi ya faɗa muku abin da ya gani.

Muna cikin cacar baki sai muryar Ladi ta fito daga bayan zana, a hankali. Ta ce, “Sannu da zuwa, Mati. Malam, abin da ke kan wuta yau shi ne na ƙarshe. Gobe sai dai iri.”

Mati ya sauke hannun rigarsa. Na ji tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don ba a fafe gora ranar tafiya, sake wani ƙarfe ba zai yiwu ba. Ko in kai mangaloli ba shaida, wanda Madugu ya riga ya ce ba ciniki, ko in kai su da ƙafar kyanwa. Da babu gara ba daɗi. Na ce, “Tashi ka riƙe mini, bawan banza.” Bai rama ba, ya tashi. Ni ina yayyafa ruwa ina bugu, shi yana ɗagawa yana goge ƙarfen da man kaɗe don kada fata ta yi baƙi. Kafin magariba kyanwar Gwaggo ta taka kowace mangala. Aka ga wata.

Da sassafe muka kwashi kaya zuwa zango a bayan gari. Jakuna na kuka, fatake na ɗaure-ɗaure, ana ta sallama da iyali. Madugu Isiyaku na zaune a kan buzu. Ya jawo mangala ɗaya, ya duba ɗinki, ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga harshen jar fatar. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Garba, mi ke nan?”

Na ce, “Dagi ne, Madugu.”

“Dagin wa?”

Sai Mati ya matso ya durƙusa ya ce, “Na zaki ne, ranka ya daɗe. Yana yaro.”

Fataken da suka taru suka fashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Madugu bai yi ba. Ya sa babban yatsa ya shafa zanen, ya rufe ido ya sake shafawa. Ya ce, “Na sha ganin sawun zaki a bakin ruwa. Wagga kyanwa ce, kuma ta gida, mai ƙiba.” Ya jawo wata mangalar, ya jawo wata, ya jera su, ya ga duk ba bambanci. Ni kuwa ba abin da nake gani sai rumbuna.

Ya ce, “Akwai wani baduku mai irin wanga ƙarfe?”

Na ce, “Babu, Madugu.”

Mati ya ce, “Kyanwar ma guda ce.”

Sai a nan Madugu ya yi murmushi. Ya ce, “Da na ce maka dagi, don shi ya fara zuwa bakina ne. Daga baya na yi ta tunani, rabin kayan da ke tsallaka Kwara ƙullin nan ne a jikinsu, da mun sake rigimar bara. Wannan kuwa ko a gaban alƙali na ce kayana masu ƙafar kyanwa ne, ba mai ja da ni. Ga shi ɓera ma ya gani ya kiyaye.” Ya miƙo hannu ya ce, “Amma ƙarfen nawa ne. Ba zan je in dawo in tarar kowa a Malumfashi na yawo da kyanwata ba.” Na ciro shi na ba shi, ya jefa a zabirarsa. Shi ya sa ba ku taɓa ganinsa a cikin namu ba. Ya kira yaransa ya ce a ɗora mini dawata a jakuna a kai har ƙofar gida.

Ban jira jakunan ba. Na bar Mati ya taho da su, na riƙe wando na sheƙa, ni da girmana, mutane na tambaya ko lafiya. Na faɗa gida ba ko sallama.

Na tarar da tsani jingine da rumbu, an ture jinkar gefe. Ladi ce ta hau da kanta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta sauko da dami guda, ta kwance shi a kan tabarma kusa da turmi, yara sun kewaye ta suna kallo. Zangarniya ɗaya na cikin turmin, taɓarya na hannunta, ba ta kai ga bugawa ba. Ta dube ni, na kasa magana don haki, sai kai nake gyaɗawa. Can muka ji kukan jakuna a ƙofar gida, da muryar Mati yana cewa a fito a tari ubangida, ya kawo wa bayinsa abinci.

Ladi ta jingine taɓaryar. Ta sunkuya ta ciro zangarniyar daga turmi, ta tsince 'yan ƙwayoyin da suka zube ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin damin. Igiyar ta ƙi ɗauruwa. Ta ce, “Zo ka kama mini, Malam, mu mayar.”

Muka mayar, na ja jinka na rufe. Ruwan farko na sauka muka shuka kaurar. Tuwon da kuka ci ɗazu da rana, har wani na neman ƙari, dawarsa jikanyar wannan damin ce.